Yadda Ake Sabunta Tsohuwar Motar Alfarma Har Ta Kai ga Lashe Gasa

Daga cikin motocin da masu tara tsofaffin motoci suka fi kwaɗayi akwai Mercedes-Benz 540K samfurin Special Roadster, wato mota mai kujeru biyu da rufin yadi da ake naɗewa, wadda kamfanin ya fara nunawa a Paris a shekarar 1936, aka kuma riƙa ƙera bodinta da hannu a masana'antar Sindelfingen da ke Jamus. A watan Agustan 2023, ɗaya daga cikinsu, ƙirar 1937 wadda tun asali aka yi odarta domin Sarkin Afganistan Muhammad Zahir Shah, ta lashe babbar kyautar gasar Pebble Beach a jihar Kalifoniya ta Amurka, shekara guda bayan an sayar da ita a gwanjo kan kusan dala miliyan 9.9. Aikin da ke kai mota ga wannan matsayi ya sha bamban da gyaran yau da kullum, domin manufarsa ita ce a mayar da motar kamar yadda ta fito daga masana'anta a wata rana da aka sani, kuma a iya kafa hujja a kan kowane abu da aka yi mata.

Mataki na farko bincike ne, kuma ana yin sa tun kafin a kwance noti ko guda. Ana karanta lambar shasi da lambar inji da lambar bodi, sannan a gwada su da littattafan oda da ke ajiye a ma'adanar tarihin kamfanin a Stuttgart, waɗanda ke nuna wanda ya yi odar motar da lokacin da aka miƙa ta da irin bodin da aka ɗora mata. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai saboda an sha cire bodin 540K mai rufi a maye gurbinsa da sabon bodi irin na Special Roadster, kuma irin wannan motar, komai kyawunta, farashinta ba ya kama ƙafar na wadda ta fito da bodin daga masana'anta. Bayan haka ana tattara tsofaffin hotuna da takardun rajista da rasidan gyara, har a haɗa silsilar waɗanda suka mallaki motar daga na farko zuwa na yanzu.

Mataki na biyu shi ne wargaza motar cikin tsari, inda ake ɗaukar hoton kowane sashe kafin a taɓa shi, a sa wa kowane ƙarfe alama, a kuma rubuta inda aka ciro shi. A nan ne motar take bayyana asirinta, domin a ƙarƙashin maƙalar ƙofa ko bayan allon mitoci, wuraren da rana da masu fenti na baya ba su kai ba, ake samun ragowar launin asali, kamar yadda ake samun guntun fatar farko a ƙarƙashin kujera. Ana adana waɗannan guntaye ko da sun ruɓe, saboda da su za a daidaita sabon launi da sabuwar fata, kuma su ne shaidar da za a nuna wa duk wanda ya yi tantama.

Daga nan sai a juya ga shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar gaba ɗaya, a wanke shi daga tsatsa, a auna shi a kan teburin awo domin a gano ko wani tsohon hatsari ya karkatar da shi. Bodin irin waɗannan motoci an gina shi ne a kan firam na katako, wanda aka lulluɓe da faranten ƙarfe, don haka ruɓewar katakon ita ke sa ƙofofi su sunkuya, layukan bodi su goce. Kafinta yana canza ɓangaren da ya ruɓe kaɗai, ya bar mai lafiya a wurinsa. Shi kuma maƙerin bodi yana yanke wurin da tsatsa ta cinye, ya ƙera madadinsa da guduma da wata na'ura mai ƙafafun ƙarfe biyu da ake mirgina faranti a tsakaninsu har ya lanƙwasa, sannan ya yi walda ya cike mahaɗar da narkakkiyar dalma kamar yadda aka yi a wancan zamani, maimakon cikon roba da ake amfani da shi a yau. Ƙa'idar ita ce a ceci ƙarfen asali gwargwadon iko, domin duk farantin da aka jefar ya tafi da wani yanki na darajar motar.

Injin 540K mai silinda takwas ne a jere, girmansa lita 5.4, kuma yana ba da ƙarfin doki 115 a tafiyar da aka saba. Idan direba ya taka totur har ƙasa, sai wata na'ura mai tura iska da ƙarfi cikin inji, wadda ake kira kwamfireso, ta kama aiki na ɗan lokaci, ƙarfin ya tashi zuwa doki 180, motar ta kai gudun kusan kilomita 170 a sa'a. Gyaran wannan na'ura yana bukatar haƙuri, saboda ƙarafa biyu da ke juyawa a cikinta suna wuce juna da tazara ƙanƙanuwa ba tare da sun haɗu ba, kuma in tazarar ta yi yawa iska ta zurare, in ta yi kaɗan su ci juna. Ana binciken gangar inji domin gano tsagewar da ido ba ya gani, a gyara ta ko da sabuwa za ta fi sauƙi, tunda lambar da ke jikinta ita ce ke haɗa ta da shasi. Kayan da ba a samunsu a kasuwa kuwa, sai a ƙera su ɗaya bayan ɗaya daga zanen masana'anta ko daga tsohon da ya lalace. Kafin a mayar da inji cikin mota, ana tayar da shi a kan benci na sa'o'i domin a ga zafinsa da ƙarfin mansa da ko yana yoyo.

Kafin fenti, ana harhaɗa bodin a kan shasi da ƙarfensa tsirara, a daidaita ƙofofi da murfin inji da fitilu da gilas har tazarar da ke tsakaninsu ta zama ɗaya, sannan a sake kwance shi, saboda duk gyaran da aka yi bayan fenti ɓarna ne. Ana shafa fenti hawa-hawa, ana gogewa tsakanin kowane hawa da na gaba. Kayan ado masu ƙyalli, irin su gaban lagireto da bututun salansa da ke fitowa ta gefen murfin inji, ana cire musu tsohon rufi, a shafe su da jan ƙarfe ta hanyar lantarki, a goge, a ɗora nikel, sannan kuram a ƙarshe, kuma gwanintar a nan ita ce kada gugar ta shafe kaifin gefuna ko tambarin da aka buga a jiki. Mai ɗinkin kujeru yana bin tsohon tsari wajen faɗin ninki da yawan ɗinki da abin da ake cusawa a ciki, haka ma wayoyin lantarki ana sa masu rigar zare irin na da.

Bayan harhaɗawa ta ƙarshe sai gwajin hanya, domin gasar ba ta kallo kaɗai ba ce. Gasar Pebble Beach, wadda aka fara a 1950, tana da rangadin da motoci ke yi a kan titi kwanaki kaɗan kafin ranar hukunci, kuma idan motoci biyu suka yi kunnen doki a rukuninsu, wadda ta kammala rangadin ita ke samun fifiko. A ranar gasar, alƙalan rukuni, waɗanda masana ne a kan irin motar, suna sa a tayar da inji, a kunna fitilu, a danna ham, suna kuma rage maki a kan duk abin da ya saɓa wa asali, ko da kan ƙusa ne da ba na zamanin motar ba. Yin abin da ya wuce na masana'anta, kamar goge wurin da tun asali ba a goge ba, shi ma aibi ne a wurinsu. Motocin da suka zo na ɗaya a rukuninsu ne kaɗai ke shiga takarar babbar kyauta, inda kyawun ƙira da ƙayatarwa ke raba gardama.

Abin da ke jan masu tara motoci zuwa ga irin wannan mota ya tattaru a kan abubuwa huɗu, wato ƙarancinta, da kyawun ƙirarta, da tarihin waɗanda suka mallake ta, da kuma yawan abin da ya rage na asalinta. Kyautar gasa tana ƙara mata daraja ne saboda shaida ce daga masana masu zaman kansu cewa aikin ya yi daidai, kuma kundin hotuna da takardun da aka tara tun matakin farko yana bin motar zuwa hannun duk wanda ya saye ta. Wata 540K Special Roadster ta 1936, wadda aka sani da sunan gidan von Krieger, ta kai dala miliyan 11.77 a gwanjon 2012, kuma sanannen tarihinta na daga cikin abin da aka saya. Sai dai ra'ayin masana yana ƙara karkata ga taka tsantsan, domin a 2024 wata Bugatti Type 59 ta 1934, wadda aka bari da tsohon fentinta da tabon shekarunta, ta zama mota ta farko daga rukunin waɗanda ba a sabunta ba da ta lashe babbar kyautar Pebble Beach. Saboda haka, mai mota da makanikansa suna auna sakamakon bincike sosai kafin su fara kwance ta, tunda motar da ta lalace sabuntawa ce ke ceto ta, wadda kuwa ta tsira da fentinta da fatarta na asali, sabuntawa tana iya rage mata abin da ba za a iya mayarwa ba.