Darasi: Kafin Tifa Ta Fara Bi Ta Garinmu

Manufar darasi: mu gane cewa lokacin da ya dace a tsayar da maganar hanyar manyan motoci shi ne kafin a buɗe wurin fasa dutse, kuma a tsayar da ita a rubuce.

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, gine-gine da ayyukan titi ke ƙaruwa, duk kuwa suna cin tsakuwa. Ga duwatsu sun kewaye garin, don haka ba abin mamaki ba ne kamfani ya zo neman wurin fasa dutse kusa da ƙauyenmu. Akwai alheri a ciki: matasa su sami aiki, masu sayar da abinci su sami ciniki. Amma kowace tsakuwa sai tifa ta ɗauke ta, tifar kuma sai ta bi wata hanya kafin ta hau kwalta. Ta ina za ta bi?

Abin da ya kamata mu sani game da tifa

Tifa cike da tsakuwa ta ninka ƙaramar mota nauyi fiye da sau 10. Idan tana gudun kilomita 60 a awa, tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, tun direba bai taka birki ba. Idan gudu ya ninka sau 2, nisan da birki ke buƙata yakan ninka sau 4. Direban kuma yana zaune a sama, ba ya ganin yaron da ke dab da gaban motar, ko ɗan acaɓa da ya raɓe gefenta. A koya wa yara wannan: in ba ka ga direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.

Wuri mafi haɗari shi ne mahaɗa, inda hanyar wurin fasa dutse ta haɗu da babban titi. Tifa takan hau kwalta a hankali, alhali motocin da suka taso daga Kano ta Wudil zuwa Shuwarin suna tafe a guje. Ƙura da hazon hunturu sukan ƙara rufe ido.

Doka ta ba mu bakin magana

Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin fasa dutse ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, kuma ana sake duba ta duk shekara 5. Dokar 1992 ta auna tasirin manyan ayyuka a kan muhalli ta ba jama'a damar ganin rahoton da yin magana a kansa. Kada yarjejeniyarmu ta tsaya ga rijiyar burtsatse da ɗakin karatu. A sa waɗannan a ciki:

1. Hanyar tifa ta zagaye gari, ta kauce wa makaranta, kasuwa da wurin ɗiban ruwa.
2. Mahaɗar ta kasance a miƙaƙƙen wuri, ba a kan kwana ko gangare ba, da alluna a ɓangarorin biyu.
3. A dakatar da lodi lokacin tafiyar yara makaranta da lokacin tashinsu, a rage zirga-zirga ranar kasuwa.
4. A rufe kaya da tamfol, kada a cika mota fiye da ƙima, a riƙa yayyafa wa hanya ruwa da rani.
5. Direba mai lasisi kaɗai zai tuƙa, ban da yaron mota.
6. A bar wa shanu da amalanke mashiga.
7. A rubuta wanda zai gyara hanya in ta lalace, da wanda za a kai wa ƙara.

Idan haɗari ya auku

A kira Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa a lamba 122, a janye jama'a nesa. Mu tuna Majiya a Ƙaramar Hukumar Taura, inda tankar mai ta faɗi a Oktoban 2024, mutane suka taru, wuta ta kashe fiye da 150. Babbar motar da ta faɗi ba wurin kallo ba ce.

Tambayoyin tattaunawa

Ku zana taswirar garinku a ƙasa. Ina yara ke tsallaka titi? Ina dabbobi ke bi? Wace hanya ce za ta nisanta tifa daga waɗannan wurare? Su wa za su wakilce ku, ban da mai unguwa da dagaci? An saurari mata da makiyaya?

Ku zaɓi mutum biyu su rubuta amsoshin, su kai wa dagaci kafin a zauna da kamfani. Rigakafi ya fi magani.