Rigakafin Ciwon Damuwa a Makarantun Sakandare

Ciwon damuwa ya wuce ɓacin ran yini guda. Yakan kai mako biyu ko fiye, ya hana ɗalibi barci da sha'awar karatu, har malami ya zaci lalaci ne.

A shekarar 1995, Gregory Clarke da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi a Oregon ta Amurka, kan ɗalibai 150 da alamun ciwon suka fara ɓullo musu. Rukuni ɗaya ya yi zama 15 da masu ba da shawara, aka koya musu bin diddigin tunani irin "ba ni da wani amfani". Bayan shekara guda, kashi 14.5 cikin ɗari suka kamu, a ɗaya rukunin kuwa kashi 25.7.

Amma fa gwajin Birtaniya na 2022, wanda ya koya wa aji dungurungum dabarun nutsuwa ba tare da tantance mabuƙata ba, bai rage ciwon ba.