Darasi Na 12: Kabewa A Ƙasar Amurka

Yau za mu leƙa ƙasar Amurka. Su ma suna da kaka, daga watan Satumba zuwa Nuwamba. Sanyi yakan fara sauka, ganyen itatuwa ya yi ja ya zube. A lokacin ne kabewa take nuna.

Mu miyar taushe muke yi da ita. Su kuwa abin zaƙi suke yi. Masu gasa burodi na unguwa sukan dafa kabewa, su dama ta da ƙwai da madara da sukari, su zuba a kan kwaɓin fulawa, su gasa. Mutane su bi kanti kanti suna ɗanɗanawa, ana gardamar na wa ya fi daɗi. Ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba suna bikin godiya. Ran nan gidaje da yawa sukan ci wannan gashi.

To, ƙamshin da ke jawo mutane ba na kabewa ba ne. Na kirfa ne, da citta, da kanumfari, da gyaɗar ƙamshi. Duk mun san su a kasuwa. A 1934 kamfanin McCormick ya fara sayar da irin waɗannan kayan ƙamshi a haɗe. Ana kiran haɗin yajin kabewa, amma fa babu kabewa a ciki ko kaɗan. Sai mutum ya sayi kek mai wannan suna, ya cinye, ashe sukari da ƙamshi ya biya wa kuɗi. Kabewa tana da amfani ga ido, sukari kuwa babu. Saboda haka mai lura yakan tambayi mai gashin tukuna.

Tambayoyi:
1. Yaushe ne kakar Amurka?
2. Me ke cikin yajin kabewa?