Nasiha ga samarin Fagge da Sabon Gari kan masu kiran a ɗauki makami

'Ya'yana, masu tsaron shago a Kantin Kwari, da masu dako a Singa, da masu tuƙa Adaidaita Sahu. Kwanakin nan ina yawan jin ku a majalisa kuna tafka muhawara kan yaƙin Sudan da rikicin Mali, wannan ya ce hannun Faransa ne, wancan ya ce na Rasha ne. Wani lokaci ma sai in ji yaro ya ce ƙasar nan ba za ta gyaru ba sai an ɗauki makami. Ban ga laifinku ba, tsadar rayuwa ta isa ta sa mutum ya faɗi abin da ya fi haka. Amma ku ba ni aron kunnenku, domin tawayen da kuke kallo a waya mu a ƙofar gida muka gan shi.

Kun sha jin sunan Maitatsine. Muhammadu Marwa ke nan, mutumin Marwa ta ƙasar Kamaru, wanda Sarki Muhammadu Sanusi ya kora daga Kano a 1962 saboda irin wa'azinsa, daga baya ya dawo ya kafa zango a 'Yan Awaki, nan kusa da mu. Yana tsine wa mai agogo da mai rediyo da mai keke, jama'arsa kuwa kullum ƙaruwa take, har ta kai suna ƙwace gidajen maƙwabta suna tare hanya. A watan Nuwamba na 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya rubuta masa takarda ya ba shi wa'adin ya tashi. Ranar 18 ga Disamba aka yi arangama da 'yan sanda a filin Shahuci, wuta ta kama. Kasuwanni suka rufe, mata suka fito da ƙunshin kaya a ka da goyo a baya suna neman inda za su fake. Sai da Shugaba Shehu Shagari ya turo sojoji a ƙarshen watan kafin ƙura ta lafa. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ƙidaya rayuka 4,177 da suka salwanta.

To, su wa suka yi wannan faɗan? Nan ne nake so ku tsaya ku yi tunani. A sama akwai shi jagoran da 'yan tsirarun da suka yi imani da shi har zuci. Waɗannan ba su da yawa, kuma da su kaɗai ne da abin bai wuce ƙarfin ofishin 'yan sanda guda ba. Tarin jama'ar kuwa samari ne irinku, 'yan cirani da gardawan da suka baro ƙauye bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970. Mun san su. Su ne masu yankan farce da ke yawo da almakashi suna kaɗa shi, da masu tura kurar ruwa, da masu sayar da rake da shayi a bakin titi. Sun shigo birni lokacin da kuɗin fetur ke yawo, suna ganin sababbin motoci da benaye, su kuwa kwanan zaure ma yana gagarar su. Marwa ya ba su tuwo da wurin kwana, ya ce musu su ne mutanen kirki, sauran duk ɓatattu ne. Yaron da bai taɓa samun wanda ya tambaye shi ko ya ci abinci ba, wannan ya ishe shi ya ba da ransa.

Akwai kuma kashi na uku da ba a cika tunawa da su ba: ƙananan yaran da iyaye suka kawo karatu ba su san inda suka kai su ba, da waɗanda suka shiga suka ga babu hanyar fita, da maƙwabtan da faɗa ya rutsa da su. Harsashi bai tantance su ba. Ku kuma sani malaman Kano sun yi tir da Marwa tun kafin a kai ga haka, kuma dubban almajiran garin nan ba su da hannu a ciki, amma zargin ya shafe su shekara da shekaru. Jagoran ya mutu a wancan faɗan, sai dai yunwar da ta tara masa mutane ba ta mutu ba. Shi ya sa abin ya sake tashi a Bulumkutu ta Maiduguri da Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985.

A lokacin an yi ta raɗe-raɗin cewa Gaddafi na Libiya ne ya kitsa abin, musamman da yake a wannan watan na Disamba sojojin Libiya suna cikin Njamena. An kuma kama wasu 'yan Nijar da Chadi da Kamaru a cikin mabiyan. Amma mafi yawansu 'yan ƙasa ne, kuma kwamitin bai sami hujjar cewa wata gwamnatin waje ce ta ɗauki nauyinsu ba. Abin lura ne wannan. Muna son mu ɗora wa baƙo laifi saboda ya fi sauƙi, alhali sau da yawa ciwon a cikin gida yake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ban ce baƙi ba sa shiga ba. Suna shiga, kuma Sabon Gari shaida ce. Kashe-kashen 1966 sun sa dubban 'yan Kudu maso Gabas da muka zauna da su suka bar shagunansu suka hau jirgin ƙasa. A ranar 30 ga Mayu 1967 Ojukwu ya ayyana Biyafara, yaƙi ya ɓarke, bai ƙare ba sai Janairun 1970. Ingila ta mara wa gwamnatin Gowon baya, kuma rijiyoyin man kamfanin Shell-BP suna cikin lissafinta. Tarayyar Sobiyet, wadda ta daɗe tana neman ƙofar shiga Najeriya, ta kawo jiragen yaƙi samfurin MiG, a filin jirgin saman nan namu na Kano aka sauke su a 1967. Faransa ta Janar de Gaulle ta riƙa tura wa Biyafara makamai ta hannun Gabon da Kwadibuwa. Ba ta son a sami ƙatuwar ƙasa mai ƙarfi a tsakiyar tsofaffin ƙasashen da ta mulka, kuma ba ta manta ba cewa Najeriya ta kori jakadanta a 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara. Kowacce ta zo da lissafinta, amma yaran da yunwa ta kashe da sojojin da suka kwanta dama a dajin Gabas duk namu ne.

Chadi ma darasi ce. A watan Maris na 1979 a nan Kano aka tara shugabannin 'yan tawayenta, ciki har da Gukuni Waddai da Hissen Habre, suka sa hannu kan yarjejeniya, Najeriya ta tura sojoji Njamena saboda ba ta son wutar ta tsallako mata iyaka. Yarjejeniyar ba ta daɗe ba. Libiya ta goyi bayan Gukuni tana hangen zirin Awuzu da ke arewacin Chadi, Amurka da Faransa suka goyi bayan Habre don su karya Gaddafi. Habre ya kama mulki a 1982. Da Idris Debi ya taso masa a 1990, sojojin Faransa suna cikin ƙasar amma ba su tare masa ba. Ya gudu Senegal, a can kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016, a can ya rasu a 2021. In wannan ne ƙarshen shugaba, ina ga yaron da ya ɗaukar masa bindiga?

Saboda haka in kuka ga wata ƙasa ta sa hannu a yaƙin da ba nata ba, ku duba abin da ke ƙarƙashin ƙasar da ake faɗa a kanta, ku duba iyakar da take tsoron wuta ta ƙetaro, ku duba abokin gabar da take son ta rage wa ƙarfi. Da wuya ku rasa amsar a cikin waɗannan. Maganar ceton talaka ado ce da ake yi wa sanarwa. Wanda kuma ya karɓi makamin wani ya sayar da bakinsa, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba ina ce muku ku yi shiru a kan zalunci ba ne. Malam Aminu Kano ya yi shekaru yana fafutuka da sarakuna da 'yan mulkin mallaka, magoya bayan jam'iyyarsa ta NEPU sun sha duka da ɗauri, amma da ƙuri'a da wayar da kai suka yi yaƙinsu, har jam'iyyarsa ta daga baya, PRP, ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna a 1979. Wannan hanyar tana da jinkiri, amma ba ta barin marayu. Ɗaya hanyar kun ga aikinta da idonku a hare-haren ranar 20 ga Janairu 2012, da kuma ranar da bam ya tashi a tashar motar New Road a watan Maris na 2013. Waɗanda suka mutu a tashar matafiya ne da 'yan dako da masu talla.

Ku kuma iyaye da iyayen gida a kasuwa, nauyin yana kanmu. Yaron shagon da ya yi maka shekaru, ka sallame shi da jari. Almajirin da ke maka wanki, ka san malaminsa, ka san inda yake kwana. Baƙon da ya sauka a unguwa yana tara yara da dare, a sanar da mai unguwa tun abin yana ƙarami.

Kai kuma ɗana, duk wanda ya zo maka da maganar makami, ko da sunan addini ko na ƙabila ko na 'yanci, ka tambaye shi wa ke biyan kuɗin, kuma ina nasa 'ya'yan suke. In ya kasa ba ka amsa, ka tashi ka koma kan sana'arka. Allah ya tsare mana ku, ya zaunar da Kano da ƙasarmu lafiya.