Darasin Lafiyar Iyali: Fita da Ƙananan Yara a Lokacin Sanyi

Don zumuntar mata, zumuntar maza da malaman Makarantar Lahadi.
Karatu: Karin Magana 31:21.
Kayan aiki: agogo mai nuna sakan, hular sanyi, safa, majanyi da zane biyu.

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi muna so kowane uba da kowace uwa su san yadda za su shirya ƙaramin yaro kafin a fita da shi cikin sanyi, yadda za su gane sanyi ya kama shi, da kuma lokacin da ya zama dole a kai shi asibiti.

Gabatarwa

'Yan'uwa, hunturu da bukukuwa tare suke zuwa. Da zarar an kai amfanin gona gida, sai bikin godiya, sai aure, sai Kirsimati, sai sujadar daren sabuwar shekara. Duk waɗannan da yara ake zuwa, kuma yawanci da asuba ake tashi, da dare ake komowa.

Wata shekara na ɗauki iyalina a babur za mu gida Kirsimati. Mun tashi tun gari bai waye ba don mu sami sujadar safe. Na sa rigar sanyi mai kauri. 'Yarmu mai shekara biyu kuwa na ɗora ta a gaba, kan tanki, cikin sabuwar rigarta ta biki, ba hula, ba safa. Ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya, ni kuwa har ina yabonta a zuciyata. Da muka isa, mahaifiyata ta karɓe ta, ta taɓa cikinta, ta dube ni ta ce, "Kai, yarinyar nan ka kawo mini ko ƙanƙara?" Nan take ta tuɓe mata riga, ta manna ta a ƙirjinta, ta rufa musu bargo. An ɗauki lokaci kafin yarinyar ta soma motsi sosai ta nemi abinci. Ran nan na koyi cewa shirun yaro cikin sanyi ba haƙuri ba ne. Wani lokaci alamar hatsari ce.

1. Mutanen da ke zaune cikin dusar ƙanƙara

Ayar da muka karanta tana magana a kan matar da ba ta fargabar dusar ƙanƙara saboda ta riga ta tanadar wa mutanen gidanta sutura. Dusar ƙanƙara ruwa ne da ya daskare tun a sama, yana saukowa fari fat kamar auduga. Takan sauka a Urushalima jefi-jefi. A watan Disamba na 2013 ma ta rufe hanyoyin birnin. Amma akwai ƙasashen da ita ce rayuwarsu ta kowace shekara. Bari mu ɗauki Finlan, a can arewacin Turai.

A arewacin Finlan dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa wata shida ko fiye. Sanyi yakan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, wato ya fi na cikin firizar da ake daskarar da kifi. A Helsinki, babban birninsu, hasken rana a ƙarshen Disamba bai wuce kamar awa shida ba. A ƙuryar arewa kuwa rana takan yi makonni ba ta fito ba.

Mai karatu zai zaci suna kulle yaransu a ɗaki har sanyi ya wuce. Ba haka suke yi ba. A gidajen renon yara ana fitar da yara wasa a waje kowace rana, sai dai in sanyin ya yi tsanani ƙwarai. Iyaye suna jan ƙanana a kan wani ɗan faranti mai sulɓi zuwa kanti ko filin wasa. Har jarirai ana shimfiɗe su cikin kekensu su yi barcin rana a waje. Maƙwabtansu mutanen Norwe da Suwidin suna da karin magana mai nufin cewa laifin ba na yanayi ba ne, na sutura ne.

Ga abin da suke yi:

Suna sa tufafi hawa-hawa. Na ciki mai laushi wanda ba ya riƙe gumi, na tsakiya na ulu mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Iskar da ke maƙale tsakanin tufafin ita ce ke riƙe ɗumin jiki.

Suna rufe kai, kunnuwa, hannu da ƙafa.

Ba sa barin yaro cikin jiƙaƙƙen kaya. Uwa ba ta fita sai da safa da safar hannu na canji.

Suna dubawa a kai a kai. Sukan sa hannu a bayan wuyan yaro su ji ko da ɗumi, ko kuwa gumi yake yi.

Wani abu kuma: tun 1938 gwamnatin Finlan ta fara ba mata masu ƙaramin ƙarfi akwatin kayan jariri, daga 1949 kuma aka buɗe shi ga kowace mai ciki, muddin ta je awo da wuri. A ciki akwai rigar sanyi ta fita, hula, safa da jakar barci, akwatin kansa kuma da katifarsa yakan zama gadon jariri. Wato al'umma ce ta ɗauki ɗumin jariri a matsayin nauyinta, ba a bar wa uwa ita kaɗai ba.

A lura: ba mu ce a kwantar da jarirai a waje ba. Su suna da kayan da aka ɗinka musamman don haka. Abin koyi a nan shi ne shiri.

2. Namu sanyin

Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da hunturu, daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Maris. Iska ce busasshiya mai ƙura daga hamadar Sahara. A Jos, wadda ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, da kuma tsaunin Mambila da ya fi ta tsayi, sanyin asuba yakan sauka zuwa wajen digiri 10. Da tsakar rana kuma sai a koma neman inuwa.

Wani zai ce, ina digiri 10 ina sanyin Turai? Amsa ita ce jikin ƙaramin yaro ba kamar na babba ba ne. Fatarsa tana da faɗi in aka gwada da nauyinsa, don haka ɗumi yana fita da sauri, kamar yadda kunu a ƙaramin kofi ke rigan na tukunya hucewa. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, in ba hula ɗumi mai yawa yana tafiya ta nan. Jariri ba ya iya karkarwa sosai don ya ɗumama kansa, ba ya kuma iya cewa "ina jin sanyi." Yaron da ya rame saboda rashin abinci, da bakwaini, su suka fi kowa shiga hatsari. Sa'an nan iskar babur ko ta bayan buɗaɗɗiyar mota tana kwashe ɗumin jiki fiye da yadda ma'aunin zafi zai nuna.

3. Kafin a fita, da kan hanya

a) A zaɓi lokaci. In da hali, a bari rana ta ɗaga kafin a tashi, a komo kafin duhu.
b) A sa wa yaro riguna biyu ko uku marasa kauri maimakon guda ɗaya mai nauyi, don a iya ragewa in rana ta yi. Ƙa'ida mai sauƙi: abin da babba ya sa, a ƙara wa yaro hawa ɗaya. Rigar biki ta je a sama, ta sanyi a ciki.
c) Hula da safa dole ne. Na gwanjo ma sun wadatar in an wanke.
d) A babur kada a ɗora yaro a kan tanki. Ban da iska, akwai hatsarin faɗuwa. Goyo ya fi, da zane na biyu a kan majanyi, amma kada a rufe hanci da bakin jariri.
e) A riƙe nafkin da wando na canji. Fitsari in ya huce a jiki yana jawo sanyi.
f) Yaro ya ci abinci kafin a tashi. A riƙa ba jariri nono a kai a kai. Manyan yara a ba su ruwa ko kunu mai ɗumi, gama iskar hunturu tana busar da jiki ko ba a ji ƙishi ba.
g) A shafa man kaɗanya ko basilin a fuska, leɓe da ƙafa saboda kaushi da faso. Kada a cusa man zafi a hancin jariri.
h) A majami'a, masu goyo su zauna nesa da ƙofa da taga. A sujadar dare, kada a shimfiɗe yaro a kan siminti da zane ɗaya. A zo da tabarma da bargo.

4. Yadda za a gane sanyi ya kama yaro

A taɓa cikinsa da tafin ƙafarsa da bayan hannu. In duka biyu da ɗumi, lafiya lau. In ciki da ɗumi amma ƙafa ta yi sanyi, a ƙara sutura. In ciki da ƙafa duk sun yi sanyi, ko yaro ya yi laƙwas, ya ƙi nono, kukansa ya yi rauni, to abin ya zama na gaggawa. Zafin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5.

Abin yi: a cire jiƙaƙƙen kaya, a manna yaro a ƙirjin uwa ko uba fata da fata, a sa masa hula, a rufe su biyun, a ba shi nono, a nufi asibiti yana manne. Wannan dabara ce likitoci suka soma amfani da ita don bakwaini a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, yau kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da ita ko'ina. Kada a kanga yaro a wuta, kada a tsoma shi a ruwan zafi, kada a ba shi burkutu ko wata barasa da sunan ɗumi.

5. Hatsarin da ke jira a gida

Sau da yawa ba a hanya ake asara ba, sai an komo. An sha sanyi, sai a shigar da kaskon gawayi ɗaki, a toshe taga, a rufe ƙofa, a kwanta. Gawayi yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai, jiri da amai, sai barci mai nauyi wanda ba a tashi. Haka hayaƙin janareta yake. A fitar da kasko waje kafin a kwanta, a bar kafar shigar iska. Kada a bar yara su kaɗai suna jin ɗumi, gama lokacin hunturu ne lokacin gobara da ƙuna.

Na biyu shi ne ciwon haƙarƙari, wato nimoniya. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, ba sanyi kansa ba, amma hayaƙi, ƙura da cunkoso a ɗaki suna buɗe masa ƙofa. Wannan ya sa kulle yaro wuni guda a ɗaki mai hayaƙi ba kariya ba ce. Bisa ga Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2019 ciwon ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 740,000 a duniya.

In yaro yana tari, a ɗaga rigarsa lokacin da ya natsu, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Numfashi ya yi sauri in ya kai:
60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba,
50 ko fiye daga wata biyu zuwa wata 11,
40 ko fiye daga shekara ɗaya zuwa biyar.

In haka ne, ko kuwa ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki sa'ad da ya ja numfashi, ko ya kasa sha, ko yana jijjiga, a kai shi asibiti a ranar. Kada a ce sai an gama biki. Haka kuma zazzaɓi da sanƙarewar wuya, domin rani lokacin sanƙarau ne. A duba katin riga-kafin kowane yaro kafin sanyi ya shigo.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wace tafiya ce iyalinku za su yi a wannan hunturu, kuma da ƙarfe nawa kuka saba tashi?
2. Kuɗin kayan bikin yara nawa ne, na hula da safa kuma nawa?
3. Wane ne ke duba yara a lokacin sujadar dare a ikkilisiyarku?
4. In yaro ya kamu da dare, wa ke da abin hawa, ina kuma asibiti mafi kusa?

Aikin yi

Mai koyarwa ya sa mutane bibbiyu su gwada ƙirga numfashin yaran da ke wurin, su kuma gwada taɓa ciki da ƙafa. Maza ma su gwada. Zumuntar mata ta rubuta gidajen da ke da jarirai, marayu da yara masu rama, a tara hula, safa da bargo a kai musu kafin Kirsimati. Dattawa kuma su duba ko za a iya matsar da taron asuba zuwa bayan fitowar rana har sanyi ya wuce. A kawo rahoto a taro na gaba.