Kafin ka zauna cin abinci a Wuse 2

Titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola cike suke da gidajen abinci, sai dai da dare ya yi wasunsu mashaya suke komawa, ga kiɗa ga shisha. In da iyali za ka fita, je tun da la'asar, ka leƙa tukuna kafin ka shigar da yara.

Farashin da ke takarda ba lallai shi ne ƙarshe ba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5, wasu kuma su ɗora kuɗin hidima, don haka tambaya kafin a zubo maka. Gasasshen kifi kuwa, gara kasuwar barikin Mogadishu: ka zaɓa da kanka, ku yi ciniki. Wajen komawa gida kira Bolt, kada ka tare tasi a bakin titi, ɓarayi na fakewa da su.