YAWON BUƊE IDO: DARASI GA MAZAUNA SABO DA OJOO

Gabatarwa

Hausawa mutanen tafiya ne tun kaka da kakanni. Fataucin goro da na shanu shi ya kai su Badun, watau Ibadan, har aka yanka musu unguwar Sabo a shekarar 1916. Jikokinsu da waɗanda suka biyo bayansu sun bazu zuwa Ojoo da Sasa da sauran unguwannin arewacin birnin, inda manyan motoci ke sauke tumatir da albasa da hatsi dare da rana. Amma sau da yawa akan tarar da mutum ya shekara talatin a garin bai san ko'ina ba sai kasuwa da tasha da masaukinsa. Ya bi hanyar Badun zuwa Kano ba adadi, bai taɓa tsayawa ya dubi abin da ke gefenta ba.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa jama'a wuraren ziyara da ke kusa da su da na nesa, a kuma bayyana dalilin da ya sa ziyarar take da muhimmanci. Dalilin kuwa shi ne, abin da mutane ba su sani ba, ba sa kula da shi, abin da ba a kula da shi kuma ɓata yake yi.

Kashi Na Ɗaya: Cikin Garin Badun

Mai son buɗe ido ba sai ya tara kuɗi masu yawa ba kafin ya fara. Daga Ojoo zuwa Jami'ar Ibadan 'yar gajeriyar tafiya ce a mota. A cikin jami'ar akwai gidan namun daji wanda aka soma a 1948 domin koyar da ɗalibai, sa'an nan ya zama cikakken gidan kallo a 1974. A nan yaro zai ga zaki da kura da jimina da kada ido da ido, maimakon ya riƙa jin sunayensu a tatsuniya kawai.

Akwai kuma Lambun Agodi, wanda aka kafa a 1967. Ambaliyar Kogin Ogunpa ta 1980 ta yi masa mummunar ɓarna, ya daɗe a yashe kafin Gwamnatin Jihar Oyo ta gyara shi. A kan tudun Oke Are akwai Hasumiyar Bower ta 1936. Wanda ya hau ta zai hango birnin shimfiɗe da jajayen rufin kwanonsa, har da Zauren Mapo na 1929 da dogon benen Cocoa House na 1965, wanda aka gina da arzikin koko. Duk wannan yini ɗaya ya isa, kuma maigida zai iya tafiya da iyalinsa.

Kashi Na Biyu: Gandun Daji

Hanyar da ta fita daga Ojoo ta nufi Arewa tana ratsa garin Oyo, inda babban ofishin Gandun Dajin Tsohuwar Oyo yake. Gwamnatin Tarayya ta kafa wannan gandu a 1991, faɗinsa murabba'in kilomita 2,512. Kogin Ogun ya ratsa shi, kuma ana samun gwanki da mariya da mazo da birai da tsuntsaye iri iri a cikinsa. Masu ziyara sukan shiga ta wajen Sepeteri.

A arewacin gandun akwai kufan tsohon birnin Oyo, wanda Hausawa ke kira Katunga. Nan ne mazaunin Alafin kafin a watse daga birnin wajen 1835. Fataken Arewa sun san kasuwarsa, sun kai mata dawaki da kanwa da kayan fata. Baturen nan Kilafatan ya sauka a Katunga a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Kano da Sakkwato. Saboda haka Bahaushen da ya tsaya a gindin ragowar ganuwar birnin, sawun kakanninsa ya taka.

Wanda ya samu hutu mai tsawo, ya kuma nufi gida, sai ya tuna da Yankari a Jihar Bauchi. An keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Yana ɗauke da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a ƙasar nan, ga ɓauna da dorina da gwanki. Ruwan Wikki mai ɗumi yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, zafinsa wajen digiri 31 rani da damina. Lokacin da ya fi dacewa da kallo shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, domin ciyawa ta bushe, namun daji kuma sun taru a bakin Kogin Gaji neman ruwa.

Kada a ɗauka wannan dukiya ba ta ƙarewa. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka ta ƙare ƙurmus, an tabbatar da haka a 2011. Raƙuman dawa na wannan yanki sun taɓa raguwa har suka koma 49 kacal a 1996, a wajen Kure cikin Jamhuriyar Nijar. Da hukuma da manoman wurin suka haɗa kai suka tsare su, adadinsu ya haura 600, mutanen ƙauyukan kuma suka samu aikin yi wa baƙi jagora. Darasin a bayyane yake: naman dajin da aka harbe sau ɗaya ake cin kuɗinsa, wanda aka bari da rai kuwa yakan jawo baƙi shekara da shekaru.

Kashi Na Uku: Bakin Teku

Mutane da yawa a Sabo da Ojoo suna zuwa Ikko sayen kaya, su komo ba su ga teku ba. Tun 2021 jirgin ƙasa na sabon layi yana tashi daga tashar Moniya, gaba kaɗan da Ojoo, ya sauke fasinja a Ebute Metta.

Dattawa za su tuna da Bar Beach, inda jama'a ke cika ranakun hutu. Igiyar ruwa ta yi ta cin gaɓar, daga baya aka cike wurin da yashi domin gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Yanzu mai son ganin teku sai ya nufi wajen Lekki, ko Tarkwa Bay da ake zuwa cikin kwalekwale, ko kuwa Badagiri. A Badagiri akwai gidan bene na 1845 da 'yan mishan suka gina, da ɗakunan adana sarƙoƙi da marin da aka ɗaure bayi da su, da hanyar tsibirin Gberefu wadda bayi suka bi zuwa jiragen ruwa. Cikin waɗanda aka tsallaka da su har da Hausawa, wasunsu a Barazil suka ƙare rayuwarsu.

Teku ba kogi ba ne, ba kuma tafki ba. Akwai jan ruwa da ke kwashe ƙafar mutum ko da ruwan bai wuce ƙugunsa ba. Kada wanda bai iya iyo ba ya shiga, kada a saki hannun yaro, kada kuma a hau kwalekwale ba tare da rigar kariya ba.

Kashi Na Huɗu: Al'adu Da Bukukuwa

Hukumar Ilimi da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa wurare biyu na Nijeriya cikin jerin kayan gadon duniya: Sukur a Jihar Adamawa a 1999, da kurmin Osun a Oshogbo a 2005. Har ila yau ta karrama bikin kamun kifi na Argungu a 2016, da Hawan Sallah na Kano a 2024. Oshogbo ba ta da nisa da Badun, ana zuwa a komo a yini guda.

Mai ziyara ba a neme shi ya shiga al'adar da ba tasa ba. Abin da ake nema shi ne ya gani, ya fahimta, ya girmama masu ita kamar yadda yake so baƙo ya girmama tasa ranar hawa. Rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairun 2021, wanda ya jawo asarar rayuka da dukiya ta ɓangarorin biyu, ya nuna abin da kan faru idan maƙwabta suna ciniki da juna amma ba su san juna ba. Zama lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma sanin tarihin maƙwabci yana daga cikin abubuwan da ke kawo shi.

Kashi Na Biyar: Ƙa'idodin Tafiya

1. A tuntuɓi ofishin gandun daji kafin a tashi, a tambayi halin tsaro da na hanya. Wasu dazuzzuka sun yi fama da 'yan bindiga, don haka kada a dogara da jita-jitar tasha.

2. A yi tafiya da rana, cikin ƙungiya. Matasan unguwa ko 'yan kasuwa ɗaya suna iya yin karo-karo su ɗauki mota guda, kuɗin ya yi sauƙi.

3. Kada a shiga gandu ba izini ba jagora. Farauta da kiwo da saran itace da cinna wuta a cikin gandun daji na ƙasa laifi ne a doka.

4. Kada a sayi hauren giwa ko fatar damisa ko sassan jikin ungulu. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 ta hana cinikin irin waɗannan, kuma mai saye shi ke ba maharbi ƙarfin gwiwa.

5. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko wurin ibada, kada kuma a bar leda ko kwalba a daji ko a bakin ruwa.

Kammalawa

Gani ya kori ji. Magidancin da ya ware yini ɗaya cikin shekara ya kai 'ya'yansa su ga namun daji ko kufan Katunga ko teku, ya ba su ilimin da ba a saye a kasuwa, ya kuma ƙara yawan masu kishin waɗannan wurare. Ana roƙon sarakunan unguwanni da malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su karanta wa jama'arsu wannan darasi, su kuma shirya ziyarar farko a ranin bana.

Tambayoyi

1. Wane suna Hausawa ke kiran tsohon birnin Oyo, kuma me ya haɗa su da shi?

2. Don me rani ya fi dacewa da kallon namun daji?

3. Wane darasi aka koya daga raƙuman dawa na Kure?

4. Kawo abubuwa uku da doka ta hana a cikin gandun daji.